A Bar Malamar Asibiti Ta Yi Tambayarta

Akwai wata fahimta da ta zauna daram a zukatan mutanenmu, daga Kano har Madina, kuma masu riƙe da ita mutanen kirki ne masu son 'ya'yansu. Cewa suke yi, idan mutum ya shiga ƙunci kada a kuskura a tambaye shi ko yana tunanin cutar da kansa ko kashe kansa, domin tambayar ce za ta kawo masa abin da bai taɓa rayawa a ransa ba. Idan kuwa abu ya riga ya faru, yarinya ta ji wa kanta rauni an garzaya da ita asibiti, abin da ake so daga ma'aikaciyar jinya shi ne ta wanke ciwon, ta ɗaure, ta rubuta tsautsayi ne, a koma gida a binne zancen. In ta haɗa da faɗa ta tuna mata azabar lahira, sai a ce ta kyauta. Amma da zarar ta ja labule ta ce, “Hajiya, ki ɗan ba mu wuri, ina son magana da ita ita kaɗai,” sai fuskoki su canza. Me za ta tambaye ta? Me ya kai ta tonon abin da Allah ya rufe?

Na san inda wannan fahimta ta samo asali, kuma ba na raina shi. Da kunya aka raine mu, aka koya mana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ga Hausawan da ke zaune a Madina, a Aziziyya da ke yammacin gari ko a sauran unguwanni, nauyin ya ninka. Kowa ya san kowa, maganar da aka yi da la'asar kan isa Katsina ko Maraɗi ta waya kafin isha'i, ga tunanin auren yarinya, ga fargabar kafili da sabunta igama, ga kuma kunyar a ce a garin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, aka samu ɗan wane ya aikata haka. Uwar da ta ce a yi shiru tana ƙoƙarin kare 'yarta ne da abin da take da shi. Saɓanina da ita a wuri ɗaya ne: shirun ba ya kare yarinyar, kuma tambayar da take tsoro ita ce matakin farko na duk wani taimako da asibiti zai iya yi.

An gwada wannan magana, ba zato ake yi ba. A 2005 Madelyn Gould ta Jami'ar Columbia da abokan aikinta suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi da ɗaliban sakandare 2,342 a jihar New York ta Amurka. An raba su kashi biyu, aka yi wa kashi ɗaya tambayoyi kai tsaye game da tunanin kashe kai, ɗayan ba a yi masa ba. Bayan kwana biyu aka sake auna su duka. Waɗanda aka tambaya ba su fi sauran shiga damuwa ba, ba su fi su tunanin kashe kai ba, kuma a cikin masu ciwon damuwa dama, waɗanda aka tambaya sun ɗan fi samun sauƙi. A 2014 wasu masana a King's College ta Landan suka tattara bincike 13 da aka yi a kan wannan batu, a tsakanin matasa da manya, ba su samu ko ɗaya da ya nuna tambaya tana ƙara wa mutum wannan tunani ba. Shi ya sa littafin jagora na mhGAP, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010 domin ma'aikatan lafiya da ba ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ba, ya umarce su da su yi tambayar a fili.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Wanda ransa ke kwance, tambaya ba ta girgiza shi. Zai ce a'uzu billahi, a wuce wurin. Wanda kuwa tunanin ya riga ya yi masa sallama, ya daɗe yana kwana da shi yana tashi da shi, yana jin shi kaɗai ne la'ananne a duniya. Unguwarzoma takan tambayi mai ciki ko ta ga jini, kuma babu wanda ya taɓa cewa tambayar ce ke jawo ɓari. Jinin da ba a tambaya ba shi ke kashewa. Mukan ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma a wannan ciwo fuska takan ɓoye labari. Mutum zai zo cibiyar lafiya ta unguwa da ciwon kai, da rashin barci, da ciwon ciki da aka yi ta awo ba a ga komai ba, ya gaisa da fara'a, ya karɓi magani ya tafi. Wani nazari da aka buga a 2002, wanda ya haɗa bincike 40, ya gano cewa kimanin kashi 45 cikin 100 na waɗanda suka kashe kansu sun ga ma'aikacin lafiya na matakin farko a cikin watan ƙarshe na rayuwarsu. Sun zo har gaban tebur. Nas ɗin da ke awon jini da nauyi kafin a shiga wurin likita tana iya zama mutum na ƙarshe da zai samu damar tambaya.

Da yawa daga masu jin haushin labulen nan ba su san abin da ke gudana a bayansa ba, don haka bari in tsaya a kansa. Abu na farko jiki ne. Ana tsayar da jini, a ɗinke abin da ke buƙatar ɗinki tare da maganin kashe zafi kamar yadda za a yi wa kowa, in kuwa wani abu aka sha, a tambayi mene ne shi, nawa, da ƙarfe nawa. A nan iyalai kan yi wa kansu illa ba da saninsu ba. Akwai abubuwan da mutum zai sha ya tashi garau kamar ba komai, alhali hanta tana lalacewa a hankali, kuma maganin da ke hana hakan ya fi aiki ne a sa'o'in farko. Duk wanda ya ɓoye wa nas gaskiya don gudun kunya ya ƙwace mata waɗannan sa'o'i. Haka masu ɗura wa mutum manja ko madara ko ruwan gishiri don ya yi amai. Wannan kan tura abin cikin huhu ya ƙara ɓarna. A ɗauko kwalin ko kwalbar a zo da shi asibiti, shi ne taimako.

Bayan jiki ya lafa sai magana. Nas ɗin da ta san aikinta takan zauna, ba ta tsayawa a kan mutum. Takan fara daga nesa: “Ƙanwata, yaya barci? Tun yaushe abin nan ke damunki?” Sai ta matso: “Wani lokaci idan ƙunci ya yi wa mutum yawa yakan ji gara ya mutu ya huta. Kin taɓa jin haka?” In an amsa, sai ta faɗi kalmar da bakinta, ba kwana-kwana: “Kina tunanin kashe kanki?” Daga nan ta bi sawu, ko akwai shiri, ko abin da za a yi amfani da shi yana kusa, ko an taɓa gwadawa a baya, da kuma abin da ya riƙe ta har yau, ko 'ya'ya ne, ko uwa, ko tsoron Allah. Wannan tambaya ta ƙarshe tana da nauyi ƙwarai, domin a kanta ake gina sauran aikin. Ana fitar da dangi ne saboda wani lokaci abin da ke cin yarinyar yana tsaye a bakin gadon: auren da ba ta so, duka, cin zarafin da ba ta iya furtawa a gaban uwa, bashin da saurayi ya ci ya ɓoye wa mahaifinsa. Ba kowane mai ji wa kansa rauni ne ke neman mutuwa ba. Wasu suna yi ne don zafin jiki ya danne na zuciya. Bambance waɗannan biyun ba ya yiwuwa sai da tambaya, kuma dukansu suna buƙatar kulawa.

Idan haɗarin ya yi kusa, ba a barin mutum shi kaɗai. Ana kwantar da shi inda ido ke kansa, a kawar da duk abin da zai iya cutar da shi daga ɗakin, a sanar da mai karɓar aiki baki da baki idan lokacin canji ya yi, a kira likitan ƙwaƙwalwa. Kafin sallama kuma akan zauna da shi a rubuta tsarin kariya, wanda Barbara Stanley da Gregory Brown suka tsara: alamomin da yake gane cewa duhun na dawowa, abin da zai yi da kansa ya samu sauƙi, wurin da zai je ya shiga mutane, wanda zai kira a dangi, lambar asibiti, da yadda za a nisantar da abubuwa masu haɗari daga gida. A gwajin da aka buga a 2018 a kan mutum 1,640 a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, waɗanda aka yi wa wannan tsari aka kuma bi su da kiran waya sun samu raguwar yunƙurin kashe kai da kashi 45 cikin 100 a cikin wata shida.

Batun nisantar da abubuwa ya fi yadda ake ɗaukarsa muhimmanci. Mutane kan ce wanda ya yi niyya ba a iya hana shi. Likitoci a Innsbruck ta Ostiriya sun tambayi mutum 82 da suka tsira, kusan rabinsu suka ce tsakanin zuwan tunanin da aikatawa bai wuce minti goma ba. Guguwa ce mai wucewa, kuma in abin ba ya kusa a wannan minti goman, sau da yawa mutum ya tsira. Siri Lanka ta hana sayar da magungunan ƙwari mafi guba a gonakinta, aka ƙiyasta cewa hakan ya ceci rayuka 93,000 tsakanin 1995 da 2015, ba tare da noma ya durƙushe ba. Don haka idan nas ta ce wa maigida ya kulle magungunan hawan jini da na sukari na tsohuwa, ya fitar da maganin sauro da na ɓera daga ɗaki, ba zargin gidansa take yi ba. Amma ta yaya za ta ba da wannan shawara, kuma ta yaya maigidan zai ɗauke ta, in an riga an rubuta cewa tsautsayi ne?

Sai maganar faɗa, wadda ta fi taɓa ni. Masu goyon bayanta sukan ce, in aka tausaya wa mai irin wannan aiki an ba shi lasisin sakewa, kuma raunin imani ne da ba ya jin magani sai tsoratarwa. Babu Musulmin da ke jayayya cewa kashe kai haramun ne. Suratun Nisa'i ta hana, hadisai ingantattu sun yi gargaɗi mai tsanani. Sai dai ayar da ta hana ɗin da ambaton jinƙan Allah ta rufe. Kuma a garin nan na Madina abin ya taɓa faruwa a zamanin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Imam Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Ɗufailu ɗan Amru Addausi ya yi hijira tare da wani mutumin ƙabilarsa. Iskar Madina ba ta karɓi mutumin ba, ya yi rashin lafiya, haƙurinsa ya ƙare, ya ji wa hannuwansa rauni har ya rasu. Ɗufailu ya gan shi a mafarki cikin kyakkyawan hali, sai dai hannuwansa a lulluɓe, ya shaida masa cewa Allah ya gafarta masa saboda hijirarsa. Da aka ba Annabi labari, sai ya roƙi Allah ya gafarta wa hannuwan su ma. Imam Nawawi ya kafa hujja da wannan hadisi cewa wanda ya kashe kansa bai fita daga Musulunci ba, yana ƙarƙashin ikon Allah. Baƙo ne, mai ciwo, nesa da gida, kamar yadda da yawa daga mutanenmu suke a garin a yau. In haka aka yi wa wanda ya riga ya tafi, wace hujja ke gare mu ta wulaƙanta wanda Allah ya bar mana da rai a kan gadon asibiti?

Malamanmu na farko ma ba su ɗauki kowane baƙin ciki a matsayin ƙarancin imani ba. Abu Zaid Albalkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya rubuta littafi kan lafiyar jiki da ta rai, ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili, kamar mutuwa ko asara, da wanda ke sauka a kan mutum ba dalili, ya ce na biyun yana da tushe a jiki kuma yana buƙatar magani. Jinya kanta a Madina tana da asali mai daraja: tantin Rufaida Al'aslamiyya a masallacin Annabi yake, can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan an harbe shi a yaƙin Handak. Addu'a da ruƙiyya ta shari'a suna da wurinsu, kuma nas mai hankali ba ta hana su, takan ma nemi malamin da mara lafiya ya amince da shi ya shigo cikin tsarin kariyar. Abin da faɗa ke haifarwa daban ne. Yarinyar da aka zaga a ɗakin taimakon gaggawa ta koyi darasi ɗaya, cewa gobe kada ta bari a sani. Alhali nazarin da aka yi a Ingila a 2002 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin shida na masu zuwa asibiti da irin wannan rauni sukan sake a cikin shekara guda. Ƙa'idojin hukumar NICE ta Ingila na 2022 sun hana amfani da horo ko tsangwama a kan irin waɗannan marasa lafiya. Wannan gargaɗi ya shafi ma'aikatan jinya su ma, domin gajiya da cunkoso kan sa wata ta ce “masu ciwon gaske na jira.” Wannan ma ciwon gaske ne.

Akwai inda masu cewa a yi shiru suke da gaskiya, kuma dole a ba su. Maganar kashe kai tana yaɗa cuta idan aka yi ta a bainar jama'a ba da lura ba. Yaɗa hoton gawa a WhatsApp, bayyana dalla-dalla abin da mutum ya yi amfani da shi, ambaton sunan wani magani a kanun labarai, mai da mamaci gwarzo, ko jingina mutuwarsa ga dalili ɗaya kamar faɗuwa jarrabawa, duk an tabbatar suna jawo kwaikwayo, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wa 'yan jarida ƙa'idoji a kai. A nan suturar da aka raine mu da ita ta yi daidai da ilimi. Amma tallata musibar mutum a kasuwa daban, tambayarsa halin da yake ciki a bayan labule daban. Sirrin da aka faɗa wa nas amana ce a wuyanta, kuma dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da Saudiyya ta kafa a 2014 ta tanadi kare sirrin mara lafiya. Iyakarsa ita ce inda rai ke cikin haɗari, nan za a sanar da wanda zai iya tsarewa, gwargwadon buƙata.

Aikin ba ya ƙarewa da sallama. Watanni ukun farko bayan barin asibiti suna cikin lokuta mafi haɗari. Abin da ke taimakawa a nan yana da arha har ya ba mutum mamaki. Likita Jerome Motto a San Francisco ya ɗauki mutum 843 da suka ƙi ci gaba da magani bayan sallama, ya riƙa aika wa kusan rabinsu gajerun wasiƙu na gaisuwa da tambayar lafiya, ba wa'azi, ba neman komai. A shekaru biyun farko mutuwa ta yi ƙasa a cikin masu samun wasiƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada makamancin haka a Brazil da Indiya da Siri Lanka da Iran da Sin da mutum 1,867: zaman bayani na sa'a ɗaya kafin sallama, sannan kira ko ziyara a kai a kai har wata 18. A cikin waɗanda aka bibiya kashi 0.2 cikin 100 ne suka kashe kansu, a cikin sauran kashi 2.2. Mu da muka gaji zumunci da dubiya, wannan aiki ne da muka iya tun kafin a rubuta shi. Abin da ya rage shi ne mu yarda a san wa za a duba, kuma in nas ta kira waya bayan kwana biyu kada a ce mata ai ya warke, a daina kira.

Matsalar ba ƙarama ba ce a ko'ina. Sama da mutum 700,000 ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara a duniya. Babban binciken lafiyar ƙwaƙwalwa na Saudiyya, wanda aka fitar da rahotonsa a 2019, ya gano kusan mutum ɗaya cikin uku ya taɓa fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa a rayuwarsa, kuma kimanin kashi 80 cikin 100 na masu lalura mai tsanani ba su nemi magani ba. A gida Najeriya, sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, kuma sashe na 231 na kundin Penal Code na Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Irin wannan doka tana cikin abubuwan da suka koya wa mutane cewa tsautsayi ne. Pakistan ta soke tata a 2022, Ghana da Malesiya a 2023. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau da Kware da Barnawa ba za su ga mutum ba sai wani a ƙasa ya tambaye shi ya turo shi.

Ga mazauna Madina akwai ƙarin shinge, wato harshe. Dattijuwar da Larabcinta bai wuce na cefane ba, ko 'yar aikin da ta zo bara, ba za ta iya bayyana ƙuncin zuciya ga nas 'yar Filifin ko 'yar Indiya ba, kuma bai dace mijinta ko uwar ɗakinta su zama tafinta a irin wannan magana ba. 'Ya'yan Hausawa da aka haifa a ƙasar, masu jin harsunan biyu, da ke aiki a asibitocin gari irin su na Sarki Fahad da na Uhud, ko suke karatun jinya a Jami'ar Ɗaiba, suna riƙe da abin da babu wanda zai iya bayarwa sai su. Ina roƙonsu kada su ji nauyin yin Hausa a bakin gado. Iyali kuma suna da damar neman a kira mai jin Hausa daga cikin ma'aikata. Wanda ya ga alama a gidansa ya tambaya da bakinsa, cikin natsuwa, ya saurara ba tare da katsewa ba, kada ya yi alkawarin ɓoyewa, kada kuma ya bar mutumin shi kaɗai in amsar ta zo da e. Lambar Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya ita ce 937, ta shawarwarin lafiyar ƙwaƙwalwa 920033360, in kuwa an riga an ji rauni ko an sha wani abu, a kira motar asibiti a 997 nan take, ko da mutumin ya ce lafiyarsa ƙalau.